Sojan da Na Bayar a Gaban Baba

Wata Asabar ce a damunar da aka katse layukan waya a Maiduguri, ina aji biyu na sakandare. Na zauna gaban allon ches, wato darar Turawa, a wani ɗakin taro da ke unguwar Mairi. Ban daɗe da shiga jerin 'yan wasa masu maki ba, sai ga shi an haɗa ni da Mista Bitrus, wani malamin lissafi da rikici ya koro daga kudancin Borno, wanda makinsa ya ɗara nawa nesa. Na lura dokinsa ɗaya na kan allon kunnensa a guntule yake.

Baba yana tsaye a bakin ƙofa, da ƙurar Kasuwar Shanu a takalminsa. Ya gaji da yadda nake ratsa shingayen sojoji daga unguwarmu Hausari saboda wasa, ya ce zai zo ya gani da idonsa, in shirme ne to daga ranar na daina.

Ni ce da fararen 'ya'yan wasan. Na tura sojan gaban sarauniya, Mista Bitrus ya tare shi da nasa. Sai na tura na kusa da shi, na ajiye shi inda za a ci. Haka wannan buɗin wasan yake: ka sadaukar da soja ɗaya, ka mallaki tsakiyar allo. Mista Bitrus ya sa yatsu biyu ya ɗauke.

"Fanna, ya tafi miki da guda fa," in ji Baba, da muryar da yake ciniki da ita.

Ɗakin da ko tari ba a yi ya ɗauki dariya. Na ja hijabina har goshi, na kafa ido a kan allo. Mista Bitrus ya murmusa ya ce a hankali, "Alhaji, aro ta ba ni." Can kuwa na karɓe sojana, muka daɗe muna fafatawa, muka tashi canjaras.

A cikin keke napep, da muka wuce shinge na ƙarshe, Baba ya juyo ya tambaye ni. "Da gangan kika ba shi?" Na ɗaga kai alamar eh. Ya jinjina nasa kan, ya ce Asabar mai zuwa shi zai kawo ni.

Yanzu a waya nake bugawa, da mutanen da ban san fuskarsu ba, hanyar Mairi kuma a buɗe take. Ina samun nasara fiye da da. Sai dai babu mai jin zafin asarata kafin ni in ji, kamar yadda Baba ya ji a ranar nan.