Fitilar da Umma ta bar mini

Muna idar da sallar asuba muka kama hanya daga Barking, ni da mahaifiyata. Tun da ta zo London ta koma ɗinkin nan na Turawa da ake gicciya zare gida-gida, ita da ta yi shekaru tana ɗinkin hula a Zariya. Wata huɗu ta yi tana ɗinka hoton wata tsohuwar hasumiya mai haska wa jiragen ruwa hanya, ta gama komai sai fitilar da ke ƙoli. Takardar zanen ta nuna zare ruwan ɗorawa, Umma ta ce ita ba ta ɗinka abin da ba ta gani ba. Ga shi likita ya gaya mana idonta kullum raguwa yake yi, kuma ba zai dawo ba.

Shi ya sa na ce zan kai ta ta ga hasumiyar. Muka hau jirgin ƙasa, muka sauya wani, sauran muka taka a ƙafa ta bakin kogi. A hanya na saya mata shayi fam uku, ta kurɓa ta ce ruwan zafi ne aka yi wa alƙawarin madara. Sai ta ciro ƙosanta daga jaka, har wani ɗan Ghana da ke kusa da mu ya samu rabonsa.

Hasumiyar 'yar gajeriya ce, ta jan bulo, ba ta ko kai ta masallacin unguwarmu ba. Wani ma'aikaci ya ce an daɗe da daina kunna fitilar. Umma ta ɗaga kai ta daɗe tana kallo, daga baya ta dafa bangon tana bin bulo ɗaya bayan ɗaya da yatsa, yadda take ƙirga gidajen ɗinki.

“Ba na ganin saman,” in ji ta. “Ke me kike gani?”

Na ce gilashi ne, rana ta buge shi, fari fat da ɗan shuɗi-shuɗi a gefe. Ta gyaɗa kai kawai. Na juya baya don kada ta ji ina kuka.

Da muka dawo gida, ko mayafi ba ta cire ba ta miƙo mini allura, ni da na shekara talatin ina gudun ta.

“Ke kika gani, ke za ki ɗinka.”

Ta riƙe hannuna tana ƙirga mini. Na ɗauka ni na kai ta ganin fitila, ashe ni ta kai. Gida tara na ɗinka, uku sun karkace, ta shafa ta ce kada in warware.