Buroshin Ƙafar Inna

Ni ce 'yar fari a gidanmu, kuma Inna tana cikin matan Garwa da suka riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa yi mini kitso ba. Ana yaye ni gwaggota ta tafi da ni Figil, can na girma, can na yi aure, gida kuwa sai dai in zo kamar baƙuwa. In Inna tana son ruwa sai ta dubi bango ta ce a gaya wa waccan ta kawo, alhali daga ni sai ita a tsakar gidan. Mutane suna yaba mata. Ni haushi abin yake ba ni, balle in na ga autarmu, ƙatuwa da ita, ta baje a cinyarta ana tsefe mata kai.

Da ciwon zuciya ya kwantar da ita na tattaro na dawo jinya. Ƙafafunta sun kumbura suntum, in ka danna da yatsa sai ramin ya zauna. Amma ko a nan ba ta sake ba. Wanka, shafa mai, juya ta a gado, duk na auta ne. Nawa girki da wanki da hawa moto, babur ɗin haya, zuwa sayen magani. In na miƙa hannu zan gyara mata matashi, sai ta ja zane ta rufe kafaɗa.

Wata rana a kasuwa wata 'yar Kuseri mai sayar da dilka da turaren wuta ta ji ina ba da labarin kumburin. Ta zaro wani buroshi mai mariƙin katako, ta nuna mini a wayarta yadda ake yi. A bushe ake goge fata, kafin wanka, daga tafin ƙafa a yi sama wajen zuciya. Ta ce jini zai gudu, dattin jiki ya fita, kumburi ya sace. Bakinta ya fi turarenta daɗi, na saya.

Auta ta kalle shi ta ce ita ba za ta kankare uwarta kamar tukunya ba. Na ce to ni zan yi. Na shiga ɗaki, na yi wa Inna bayani ina jiran ta ja zane. Sai ta juya fuska bango ta miƙo ƙafa.

"Tunda magani ne," in ji ta.

Na haura arba'in, ranar na fara riƙe ƙafar uwata. Na ga tabon ƙuna a ƙaurinta, na lokacin da take bandar kifi a Lagdo, ban taɓa sanin da shi ba. Na ga ƙaramin yatsanta ya lanƙwashe ciki kamar nawa. Daga ranar, kowace safiya ana idar da salla zan zauna a tabarma in ɗora ƙafarta a cinyata. Ba ta kallona, ba ma magana, amma ba ta janyewa.

Kumburi dai bai sace ba. Da muka koma lopital, likita ya ga fatar ta yi ja, ya tambaya, na gaya masa. Da Faransanci ya amsa, bai yi mini faɗa ba. Ya ce buroshi yana cire busasshiyar fata, jiki ya ɗan yi ɗumi, iyakarsa ke nan. Ruwan ƙafar daga zuciya yake, kuma fatarta ta yi laushi, gara a bari kada ta tsage. Inna ba ta jin Faransanci, sai ta tambayi bango me ya ce. Na ce ya ce a ci gaba, amma a hankali. Auta ta watsa mini harara, na rama.

Na ci gaba, sai dai na sassauta hannu sosai, har buroshin ya zama da ƙyar yake taɓa ta, tafin hannuna ke yawancin aikin. Na san ba magani nake yi ba. Ba ni da wata hanyar zama kusa da ita ne, kuma ba zan saki wannan ba.

Ta rasu cikin zafin bazara, kafin ruwan farko. Bayan sadakar bakwai muna kwashe kayan ɗakinta, na ɗaga matashi na ga buroshin, tana ajiye shi a nan kusa da carbinta. Na ce wa auta ko ba komai Inna ta tafi tana ganin yana yi mata amfani, wannan ya ɗan sanyaya mini rai.

Auta ta zauna a bakin gado ta fara kuka. Ta ce tun ranar da muka dawo daga lopital ta gaya wa Inna gaskiyar abin da likita ya faɗa. Ta ce tun kafin nan ma, kullum in na fita kasuwa sai Inna ta sa ta shafa mata man kaɗanya, don fatar tana yi mata raɗaɗi. Da auta ta ce bari ta hana ni, Inna ta riƙe mata hannu.

"Kar ki gaya mata," ta ce. "In ta daina, da wane dalili yarinyata za ta taɓa ni?"

Na tambayi auta ko haka ta faɗa, yarinyata. Ta ce haka ta faɗa. Na sa ta maimaita mini, ta maimaita, na zauna a tabarmar da na saba zama, ba ƙafar da zan ɗora a cinyata.