Sakan Bakwai na Baba Sannu

Ƙarfe bakwai da rabi na safe, kafin mai shara ta gama goge ofis, za ka ji tarin tsohon babur ɗinsa a ƙofar kamfani. Zai shigo da flas ɗin shayi a hammata, ya ja labulen tagar da ke bayansa, ya ciro hankici ya goge allon kwamfuta, sannan ya goge tabarau. Shekara ashirin da biyu ke nan, ko ranar da mura ta kama shi bai sauya wannan tsari ba.

Aikin kamfaninmu shi ne yin wasannin bidiyo na jiragen sararin samaniya. Wasu na zana jirgi, wasu na haɗa sauti, shi kuwa rabonsa sakan bakwai kacal: abin da mai wasa zai gani daga lokacin da ya danna maɓallin gudu, jirginsa ya fi haske sauri, har ya isa wata duniyar. To amma mutumin da ke sa jirage wannan gudu, in ya kama hawa bene sai ka yi waya ka gama bai kai sama ba. Shi ya sa muka raɗa masa Baba Sannu, kuma yana amsawa da fara'arsa.

A wasansa na farko ya yi yadda kowa ke yi. Taurari suka miƙe kamar zare, allo ya riƙa walƙiya fari da ja, wal-wal-wal. Aka yaba, shi ma ya ji daɗi, ya kai wasan gida don yaransa su ga aikin ubansu. Autarsa tana shekara tara, tana zaune gaba da kowa. Yayanta ya danna maɓalli, allo ya ɗauka, sai yarinya ta sulale ƙasa tana jijjiga. Likita ya ce tana da farfaɗiyar da hasken da ke ƙiftawa ke tayarwa.

Daga ranar, duk sa'ad da yayyenta ke wasa aka zo wurin gudun nan, sai Auta ta juya wa allo baya, ta rufe ido da tafin hannu.

"Yaya, an wuce?"

"An wuce, juyo."

Daga ɗakinsa yake jin wannan tambaya, kuma tana sukarsa har cikin rai. Duk abin da ke cikin wasan tana gani, ban da sakan bakwai ɗin da mahaifinta ya yi da hannunsa.

Nan ya sauya yadda yake aiki. Ya koma bin kowane hoto ɗaya bayan ɗaya, fensir a hannu, duk inda haske ya tashi farat ɗaya sai ya ja layi a takarda, ya koma ya kwantar da shi. Ya tattaro littattafan kimiyya yana ta bi. Ya kan ce babu mahaluƙin da ya taɓa wuce haske balle ya dawo ya ba da labari, amma an san abin da ido zai gani in an kusa kamo shi: taurari za su tattaru a gaba, su yi shuɗi, na baya su yi ja su dushe. Babu walƙiya ko ɗaya a ciki. Ya ce ashe gaskiyar abin ma ta fi sauƙi ga ido.

Manaja bai yarda ba. "Haba Baba, mutane wuta suke so su gani! Wa zai sayi wasan da taurari ke taruwa kamar tumaki a inuwa?"

Baba Sannu bai yi musu ba. Ya jira ranar da aka kece da ruwa, ya ce manaja ya taimaka ya raka shi bakin titi a kan babur. Muna tsaye a taga muna kallo, manyan mutane biyu a kan tsohon babur cikin ruwa. Daga baya manaja ya gaya mana abin da Baba ya tambaye shi a hanya.

"Ranka ya daɗe, da muke tsaye, ta ina ruwan ke dukanka?"

"Ta ka mana!"

"Yanzu da muke gudu fa?"

"Ta fuska! Baba, don Allah juya mu koma!"

"To haka hasken taurari yake wa mai gudu. Ta gaba yake zuwa."

Manaja ya dawo sharkaf yana atishawa, ya ce a bar dattijon nan ya yi abin da ya ga dama, kada wata rana ya kai shi tsakiyar kogi. Sai daga baya ya ji labarin Auta.

Baba, kai ne ka shafe shekaru kana gyara abin da ba ya wuce ƙiftawar ido. Kai ne kake maido wa abokan aikinka hoto sau biyar saboda haske ɗaya da ya yi tsalle, su yi ta gunaguni, ka zuba musu shayi. Sunanka na can ƙarshen wasa cikin ɗaruruwan sunayen da ba wanda ke tsayawa karantawa, kuma ba mu taɓa jin ka yi ƙorafi ba. Mai haƙuri, mai tausayin idon mutane.

Sau uku aka fitar da sabon wasa, sau uku yana hana Auta kallo. Kullum sai ya ce da saura. Matarsa ta taɓa ce masa, "Malam, aikin ne bai gamu ba, ko kuwa tsoro kake ji?" Shi ma ya san gaskiya ta faɗa.

Makon jiya aka yi masa taron ban kwana, don idanunsa sun gaji, likita ya ce ya huta da allo. Ana cikin jawabai sai ga Auta ta shigo, yanzu ma'aikaciyar jinya ce, da goyonta a baya. Ta nuna masa takardar likitanta, wanda ya duba hotunan wasan ya ce za ta iya gwadawa. Ta miƙa jaririn ga mahaifiyarta da ke cikin taron, ta zauna a kujerar Baba.

"Baba, wanne zan danna?"

"Auta, ki bari dai sai…"

"Shekara ashirin ina bari. Wanne ne?"

Ya nuna mata da yatsa. Ta danna. Taurari suka taso a hankali daga gefe da gefe, suka haɗu a gaba, suka zama wani shuɗin haske mai sanyi, bayan jirgi ya yi ja ya lumshe. Da muka waiwaya, sai muka ga Baba Sannu ya juya wa allo baya, ya rufe ido da tafin hannunsa.

"An wuce?" ya tambaya, murya can ƙasa.

"An wuce, Baba. Na gani duka." Ta jawo hannunsa daga fuskarsa. "Juyo mu sake, ka gaya min yadda ka yi."

Sau shida suka sake, manaja na ta goge ido yana cewa murar nan ce ba ta sake shi ba.

Mun gode, Baba. Allah Ya ba idanunka hutu, Ya saka maka da alheri, Ya raya Auta da ɗanta. Ku kuma da kuka gaji kujerarsa, fensirinsa na nan cikin kofi a kan tebur, da gangan ya bar muku shi. Kafin ku saki kowane haske, ku tuna akwai wata yarinya a wani falo da ta juya baya tana jira a ce mata an wuce.