Wayar Inna da Shari'ar Sabuwar Randa

Ana sallame sallar asuba muka baro Madawa, ni da ƙanwata. Kayanmu ba yawa: jakar tufafi, ɗan ƙaramin pano mai ɗaukar hasken rana da na ciro daga shagona, sai kwalin sabuwar waya da na naɗe a rawani na rungume a ƙirji. Masu bin shafin nan sun san gyaran waya nake yi a kasuwa, kuma sun san ba na barin shago haka kawai. Wannan karon dole ce ta sa.

Inna, ƙanwar mahaifiyarmu, tana zaune a wani ƙauye kan tudu bayan Ibohaman. Ɗanta na fari ya daɗe a Abijan yana ci-rani, can ya yi aure, can aka yi masa haihuwa makon jiya. Inna ba ta taɓa ganin matarsa ba, ga yanar ido ta fara rufe mata gani, kullum duhun ƙaruwa yake. Shi ya aiko da wayar, ya ce in kai mata da hannuna, ita za ta buɗe kwalin da kanta, kuma lallai ranar suna da safe ta kasance tana kallo. Ya kuma raɗa mini wani abu da ya hana ni faɗa wa kowa: sunan Inna za a sa wa jinjirar. Suna washegari ne. Ga shi wayoyi biyu da ya aika a baya duk sun mutu a ƙauyen kafin su shekara, ba wanda ya san dalili.

Bazara ce, lokacin cire albasa. Tun daga bakin gari buhuna ke jere a gefen hanya, ja wur, warinsu na shigowa ta taga yana sa mu hawayen da ba mu yi niyya ba. Manoma a motar sai ƙorafi suke, wai albasa ta yi araha har buhun da ake zuba ta ya kusa fin ta daraja. Ni kuwa idona na gaban mota. Direba ya jera wayoyin fasinjoji a ƙarƙashin gilashi, kowace da igiyarta, duk suna tsotson wuta daga rami ɗaya, rana kuma ta fara duka. Raina ya ɓaci kamar nawa ne. Na ce masa ya sauke su ƙasa inda inuwa take, ya dube ni ta madubi ya ce, "Malam, kai likitan salula ne?" Na ce ƙwarai kuwa, kuma mai wankan gawarsu. Mota ta kwashe da dariya, amma mutum biyu suka miƙa hannu suka karɓi nasu.

A Buza muka sauka muka karya da waina mai zafi da miyar taushe, ƙanwata ta ƙara da fura. Mai shayin tasha ya ga yadda nake riƙe da ƙunshina ya tambaya ko ƙwai nake kai wa kasuwa. Na ce abin da ke ciki ya fi ƙwai tsoron zafi. Daga nan hanya ta canza hali. Mota ta riƙa hawa tudun duwatsu tana sauka kwari, tana nishi, mu ma muna taya ta. Duk inda ka duba a kan tudu za ka ga layukan duwatsu da mutane suka jera da hannu don tare ruwan sama, a kwari kuma itatuwa sun yi duhu. Kowane zuwa na yi sai aikin nan ya ba ni mamaki, domin na san ba ƙaramin gumi aka zubar ba.

Mun isa Keita rana ta take. Muka sayi cuku wurin wata Buzuwa don tsarabar Inna, muka sami wata motar zuwa Ibohaman, daga can kuma sai kabu-kabu. Ɗan kabu-kabun da ya ɗauke ni bai san ana rage gudu a kan dutse ba. Na riƙe kwali da hannu ɗaya, ƙarfen babur da ɗayan, bakina kuwa bai huta da salati ba har muka shiga ƙauyen bayan azahar.

Inna ta tarbe mu da ruwan randa mai sanyi. Sai da ta kama fuskata ta matso da ita kusa kafin ta tabbatar ni ne, abin ya sosa mini rai ƙwarai. Muka gaisa, na miƙa mata kwali. Ta shafa shi, ta buɗe a hankali, ta ce, "Wancan na Abijan bai gajiya." Ba ta kama sunansa, ɗan fari ne.

Ina shirin kunna wayar sai ga Kawu, yayan su Inna, ya yi sallama. Kawu tsohon ɗan ci-rani ne, shi ya fara shigo da rediyo ƙauyen, shi ya fara riƙe salula, don haka duk abin da ke da batir a garin nan sai an ji ta bakinsa. Ya ɗaga hannu ya ce, "Kai, dakanta! Sabuwar salula ba a kunna ta hakanan. Sai ta kwana ta wuni bisa wuta, ta sha ta ƙoshi, awa sabuwar randa. Wa kag gani ya sha ruwan randa ran da anka sayo ta?"

Na ce, "Kawu, suna gobe da sahe ne fa."

"Ko na sarki ne. Jibi a kira."

Na duba Inna, ina sa ran za ta goyi bayana. Sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Ɗan nan, a bi maganar kawunka. Biyu sun mutu hannuna, kunya nika ji. In ta ukku ta mutu, da wane ido zan dubi yaron ga? Jinjira na gan ta jibi in Allah ya so."

Nan ne hankalina ya tashi. Ba zan iya faɗa mata abin da za ta rasa ba, na yi alkawari. Ba zan kuma iya ce wa Kawu bai sani ba a gaban ƙanwarsa, ba a yi mini irin wannan tarbiyya ba. Ƙanwata ta taka mini ƙafa, ta san halina, ta san bakina ya fara ƙaiƙayi. Na haɗiye, na roƙi Inna ta nuna mini matattun wayoyin.

Ta shiga ɗaki ta ciro su daga ƙasan kwalla, kowace a naɗe cikin tsumma, a cikin jakar fata. Ina warwarewa na ga abin da nake gani kullum a shago. Bayan kowace ya ɗaga, batir ya kumbura kamar wainar da muka ci a Buza. Na tambayi Inna yadda take yi musu caji. Ta ce ai tana amfani da waya har ta mutu murus, sannan ta naɗe ta da kyau don kada ƙura ta taɓa ta, a kai wa mai caji da safe, a karɓo da yamma. Ko a wurin cajin ma ta hana a cire tsumman, sai dai a zura igiya ta ƙasa. Wato tsabar so ne ya kashe su.

Na ce da Kawu cikin ladabi ya raka ni mu ga inda za a kai sabuwar. Muka tafi. Rumfar kwano ce a bakin kasuwa, pano a sama, teburin ƙarfe a ƙasa, rabinsa a rana. Wayoyi sun jeru kai ka ce kasuwar kifi, wasu a tsumma, wasu a leda, cajojin kuwa kowace daga inda ta fito. Mai rumfar bai yi laifin komai ba, haka ya tarar ana yi. Na nemi izini na ɗauki wata da ke naɗe, na sa wa Kawu a tafin hannu. Bai shirya ba, ya yi saurin mayar da ita hannun hagu yana hura na dama.

Na ce, "Kawu, Allah shi ba ka haƙuri, tambaya ɗaya gare ni. Waɗancan biyun na Inna, sun samu kwana da wuni bisa wuta ran da sunka zo?"

Ya ce, "Da hannuna nak kawo su."

"To mi ya kashe su?"

Kawu ya sake duban tafinsa. Na yi sauri na karɓi zancen, don ba kunyata shi na zo yi ba. Na ce masa maganarsa gaskiya ce a zamanin salularsa ta farko, batiran wancan lokaci haka suke so, kuma wanda ya koya masa bai yi ƙarya ba. Na yanzu ne halinsu daban. Da wutarsu suke fitowa daga kwali, ana iya kunna su nan take. Abin da suka tsana uku ne: zafi, da barin su su mutu ƙurmus, da ajiye su a kan wuta bayan sun cika. Na ce in dai randa za a kwatanta, to a kwatanta da tsohuwa, wadda ba a bari ta ƙafe, ba a kuma cika ta har ta yi ambaliya, sannan ba mai hankalin da ke ajiye ta a rana.

Ya gyara hula ya ce, "To ai abin da nika hwaɗi ke nan, randa ce." Na ce ƙwarai, Kawu, haka ka ce. Wallahi a raina kuwa ganga nake bugawa.

Kafin magariba na gama komai. Na ɗaure panon a kan rufin ɗakin Inna, na zuro igiya ta taga har kusurwar da randarta take, inda ya fi ko'ina sanyi. Na sa faifai a kan wani kututture, nesa kaɗan da inda ruwa ke ɗiga, na ce nan ne gadon waya, kuma ba tsumma ba jaka in tana shan wuta. Na nuna mata igiyar da ta zo cikin kwali na ce kada ta ba kowa aro, kada kuma ta karɓi ta wani. Tunda Inna ba ta ganin lambobi, sai na saita wayar ta riƙa tsayar da cajin da kanta in ya kai kashi tamanin, ta kuma yi kuka in ya sauko ashirin. Na ce, "Inna, in kin ji ta yi wannan kukan, yunwa take ji, ki ba ta. Ki sa ta da hantsi, ki cire kafin azahar." Ta sa ni na maimaita mata kukan har sai da ta iya kwaikwayonsa da baki. Daga nan na hau tudun bayan gari, inda nan ne kaɗai ake samun rezo, wato sabis ɗin waya, na sa layinta na gwada kira.

Da safe muka hau tudun nan, ni riƙe da hannun Inna, ƙanwata da tabarma, Kawu a gaba yana sanar da duk wanda muka gamu da shi cewa an daina naɗe salula a tsumma, shi ya hana. Mata suka biyo mu. Muka zauna a inuwar wata aduwa, kira ya shigo. Na riƙe mata wayar dab da fuska, na tare hasken rana da rawanina. Ta ga ɗanta, ta kau da kai saboda kara, tana amsa gaisuwarsa a gajarce. Ta ga surukarta ta yi mata addu'a. Sai aka juya wayar ga taron maza, liman ya yi fatiha, wani ya ɗaga murya ya ce sunan yarinya Habsatu.

Inna ta ɗago kai daga wayar. Ta juyo ta ce mini, "Mi anka ce?" Na ce abin da kika ji, Inna. Mata suka rangaɗa guɗa har ta koma cikin gari. Aka kawo jinjirar gaban waya, Inna ta ƙwace ta daga hannuna, ta kai ta kusa da idonta mai ɗan sauran gani, ta daɗe tana kallo. Karar da ta riƙe shekara da shekaru ta kwance a wurin, hawaye suka zubo. "Takwara," ta ce, "na gan ki. Hancin gidanmu ne." Ni ma na juya baya na yi kamar ƙura ce ta shiga mini ido, ƙanwata ta ce in daina ƙarya, ba iska a wurin.

Da muka sauko batir bai ko sauka zuwa rabi ba. Inna da kanta ta kai wayar kan faifai, ta laluba ta zura igiya, ta kori wata maƙwabciya da ta zo da ƙyalle za ta lulluɓe ta.

Washegari muka kamo hanya, ta Keita da Buza kamar yadda muka zo, da tsarabar kuka da ɗanyen man shanu. A motar Buza na sake tarar da wayoyi jere a rana, na sake yin wa'azina, wannan karon da ƙarfin gwiwar wanda ya ci shari'a a gaban Kawu. Mun iso Madawa da la'asar lafiya lau.

Abin da na ɗauko daga tafiyar nan shi ne, mutanenmu ba sakaci ke kashe musu waya ba, tattali ne da aka koya don wani zamani. In za ka gyara, kada ka ce wa dattijo bai sani ba, ka sa masa abin a tafin hannu ya ji da kansa. Jiya da hantsi ina shago sai wayata ta yi ƙara, Inna ce daga kan tudu. Ba wata magana ta kira ta yi ba. Cewa ta yi ta ga takwararta tana hamma, kuma in gaya mata ko akwai laifi in ana kiran Abijan kullum. Na ce babu, Inna, ki yi ta kallo, batirin zai kai ki.