Kunnen 'yata da ruwan Komadugu

Muna sallame sallar asuba muka bar ƙauyenmu na bakin Komadugu, gabas da Geskeru, ni da ƙaramar 'yata, muka nufi Diffa. 'Yan watanni ke nan da aka yi mata aiki a Damagaram, aka saka mata ƙananan bututu a dodon kunne, don ruwan da ke taruwa ciki ya daina toshe mata ji. Ji ya dawo, har tana amsa kira daga gonar tattasai. Sai ga kunnen hagu ya soma zubar da mugunya.

Tsohuwar kat-kat muka samu, motar nan mai shiga rairayi, an yi mata lodin buhunan tattasai, mu fasinja muna bisa. Duk wanda ya buɗe baki sai atishawa, har wani dattijo ya ce direba ne ya kamata ya biya mu. Kuɗin mota kuwa ya tashi, wai ruwa ya ci hanya, sai an zagaya ta cikin rairayi. Muka kafe, muka sauka, muka tura. Ita dai tana dafe da kunne.

A Diffa na saya mata burabusko da miyar kifi kusa da kasuwa. Ta ci loma kaɗan ta ture.

Majo, wato babban ma'aikacin jinya da ya duba ta a gidan likita, ya haska kunnen da tocila, ya ɗago.

"Malam, ta shiga kogi?"

"Majo, a bakin kogi aka haife ta."

Bai yi dariya ba. Ya ce bututun ƙofa ce a buɗe, ruwan kogi mai datti yana iya bi ta nan ya wuce ciki, musamman in ta nutse. Ruwan sabulu ma haka. In za a yi mata wanka, a shafa wa auduga man bazilin a toshe kunnen. Iyo da nutso kuwa babu, har sai bututun ya faɗo da kansa, wataƙila shekara, wataƙila fiye. Ya rubuta maganin ɗigawa, ya ce in ciwon ya yi ta dawowa, jin na iya tafiya, kuma likitan kunne sai Damagaram.

Na so in gaya masa cewa a kogin uwarta ke wanki, da shi muke ban ruwa, kuma mu duka muna gona wuni guda, ba mai tsaron yaro. Na ga layin da ke bayana, na karɓi takardar magani muka fito.

Da la'asar muka iso gida. Ƙawayenta na cikin ruwa suna kiran sunanta. Ta fara cire takalmi, na riƙe hannunta.

"Baba, ko ƙafa kawai?"

Na san ƙafa ba za ta tsaya a ƙafa ba.

Muka yi shawara da uwarta. Gobe zan kai ta Fulatari wurin yayata, inda ruwa sai na rijiya. Abin da tafiyar nan ta koya mini ke nan: shawarar majo daidai ce, amma a gida irin namu ba a iya binta sai an raba yaro da uwarsa. Uwar tana ɗaki tana ninke mata kaya, har yanzu ba wanda ya gaya wa yarinyar.