Inna Mai Keke, Wadda Ta Ƙi Rage Rigar 'Yata

Da hantsi take buɗe shago. Ta share bakin ƙofa, ta ɗiga wa keken ɗinkinta mai, ta zauna tana laluben kafar allura har zare ya shiga. Ni ce mai yi mata guga shekara goma sha tara, teburina yana jingine da bangon shagonta. Yanzu ido ya ƙi, likita ya ce ta ajiye keken a ƙarshen watan nan. Shi ya sa zan faɗi abin da na gani tun tana da rai. 'Ya'ya mata biyu na haifa. Babbar ta rasu. Autar kuma har yau riƙonta nake yi kada ta bi yayarta, kuma ba don matar nan ba da tuni ta kuɓuce min.

Yawancin masu zuwa wurinta 'yan matan filin wasa ne da ke bayan layinmu, masu gudu da masu ƙwallon hannu da masu jifan dunƙulen ƙarfe. Kayan wasan da ake raba musu girmansu ɗaya. Wadda rigar ta matse sai a yi mata dariya, wadda ta yi wa yawa ita ma a yi. Sai kuma matan da wasu teloli suka ce wa yadi kaza ba zai karɓe su ba sai sun rage tumbi. Duk nan suke ƙarewa.

Inna ba ta awo da tef. Siririn ƙyalle take yagowa, ta zagaya kafaɗa ta ƙulla, ta zagaya ƙirji ta ƙulla, haka ƙugu da cinya. Kowace yarinya da launin ƙyallenta, a rataye a ƙusa. Takan ce lamba bin yarinya take yi har gida ta hana ta cin abinci, ƙulli kuwa a shago yake kwana. Kuma ba ta auna mutum a tsaye ƙiƙam. Mai jifa sai ta ɗaga hannu kamar za ta jefa, mai gudu sai ta durƙusa kamar za ta tashi. Wata ta taɓa zuƙe cikinta ana auna ta, Inna ta ɗan buge shi da bayan hannu ta ce, "Saki kayanki, 'yar nan. A filin ma haka za ki riƙe numfashi? Sai an kwaso ki a kwance."

Babbar 'yata kafaɗun ubanta ta ɗauko. Sau biyu tana zuwa ta ɗaya a jifan ƙarfe. A layi Tifa suke ce mata, wai ta matsa motoci su wuce. Ni ma da na haife ta ban kyauta ba. In ta ƙara abinci nakan ce ta yi a hankali, ƙofar ɗakinmu ba ta ƙara faɗi. Wasa nake yi, ita ma tana dariya, sai na ɗauka ya wuce. Ranar da ta ci gasa ta biyu wani ya ɗauki hotonta tana jifa, baki a buɗe, ciki a waje, ya yi ta yawo a wayoyin mutane ana rubuta abin da aka ga dama a ƙasansa. Daga nan ta fara shan wani shayin rage ƙiba da wasu ƙwayoyi marasa suna da ake sayarwa a leda. Na san da su. Ni nake tafasa mata ruwan.

Ta kawo rigar wasanta a rage, Inna ta rage. Bayan mako shida ta sake kawowa, Inna ta rage amma ranar ba ta yi raha da kowa ba. A karo na uku ta auna ta, ta sallame ta, sannan ta fito ta shimfiɗa ƙyallen a kan teburin gugata. Ta nuna min tsohon ƙulli da sabo, tsakaninsu ya fi tafin hannuna.

Ta ce, "Maman 'yan mata, ba zan rage rigar nan ba. Wannan ba rama ba ce, ciwo ne. Ki kai ta asibiti."

Na tambaye ta ita tela ce ko likita. Na ce so take kowa ya zama ƙato don ɗinki ya ci yadi. Na kai rigar wani shago, cikin awa ɗaya aka rage, har telan yana yaba wa yarinyar cewa yanzu ta zama mace. Na janye teburina zuwa tsallaken hanya. Wata uku ko gaisuwa ba ma yi.

Sai ƙafafun 'yata suka fara kumbura. Da muka je asibiti aka ce ƙoda ce, duka biyun. Mako bakwai muka yi a can. A rana ta uku Inna ta shigo da ƙunshi a hammata, riguna ne masu laushi da ta ɗinka, an buɗe su ta gefe saboda robobin da aka saka wa yarinyar, don kada a riƙa tuɓe ta a gaban mutane. Kullum da la'asar take rufe shago ta zo. Ina ta jiran ranar da za ta ce ai ta faɗa min. Har yau ba ta faɗa ba. Ranar wata Talata da safe 'yata ta cika, tana da shekara ashirin da ɗaya.

Inna, ke ce kaɗai kika ga mutuwa tana tahowa lokacin da dukanmu muke cewa yarinya ta yi kyau. Ke ce kika yarda a zage ki a kan 'yar da ba ke kika haifa ba.

Autata shekararta goma sha shida, jikinsu ɗaya da marigayiya, ita ke tsaron gida a ƙwallon hannu. Bayan rasuwar ta daina zuwa fili, ta daina cin abinci tare da ni. Wata biyar da rasuwar ina wanke jakarta na tsinci ledar ƙwayoyin nan, ragowar na yayarta. Na tsallaka hanya da ledar a hannu, na miƙa wa Inna. Ta duba ta ce in turo mata Auta.

Auta ta zo ta ce ba mai auna ta. Inna ta tura ƙofa, ina daga ciki, ta cire mayafinta ta miƙa wa yarinyar ƙyalle ta ce to ita ta auna ta. Bayanta ya ranƙwafa, kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya tudu saboda shekara arba'in a kan keke, damatsa sun saki.

Ta ce, "Da jikin nan na ciyar da 'ya'ya biyar. Nuna min inda zan rage."

Auta ta yi ta kuka har ta zauna a ƙasa. Da ta yi shiru suka yi alkawari: duk Asabar za ta zo awo, in ƙulli ya ja baya za a faɗa min mu tafi wurin likita. Sannan Inna ta juyo gare ni ta ce, "Ke kuma, bakinki." Iyakar faɗan da ta taɓa yi min ke nan.

Yau wata bakwai ke nan da alkawarin. Sau biyu ƙullin ya ja baya, sau biyu muna zuwa asibiti. Auta ta koma tsaron gida, kuma 'yan layi sun gadar mata sunan yayarta. Masu sayar da ƙwayar suna nan suna sayarwa. Ban ce mun tsira ba. Na tambayi Inna wa zai auna ta in an rufe shago, ta ce a kawo mata ita gida, ƙulli da hannu ake jin sa.

Teloli, in yarinya ta kawo riga sau uku a rage, ku ajiye almakashi ku nemi uwarta. Masu horar da 'yan mata, ku nemo rigar da ta dace da jikin da ke ci muku gasa. Iyaye mata irina, wasan da kuke yi a kan kwanon abinci ana jin sa, kuma ba a mantawa.

Na gode, Inna. Allah ya saka miki, ya bar miki sauran ganin da ya rage. Karon farko ban ji maganarki ba, na binne 'yata. Wannan karon duk abin da hannunki ya ji a jikin Auta ki faɗa min, ko da zan ji zafi. Ranar Asabar muna tafe.