Akwatin da Ba Ya Shan Iska

Duk layin an san Kafinta da abu ɗaya: in ya haɗa katako biyu, ko allura ba ta samun wurin shiga. Mutum ne marar yawan magana, fensir a bayan kunne, garin katako a gira. Matarsa ce mai surutun gidan, ita da kajinta masu zanen baƙi da fari, irin da ta taho da su daga gidan iyayenta. Shekara da shekaru yana mitar sun ɓata masa katako da kashi.

Da ta rasu, gidan ya yi tsit. Ba a jima ba annoba ta share kajin unguwar, ta bar masa tsohuwa guda, sai wani zakaran maƙwabta mai taurin rai. Tsohuwar tana yin ƙwai jefi-jefi, amma ta rantse ba za ta ƙara kwanci ba. In ta mutu, irin kajin matarsa ya ƙare ke nan. Wannan tunanin ya hana Kafinta sakat. Kewar matar yake yi ƙwarai, sai dai ba zai iya faɗa wa kowa ba, don haka ya ɗauki zarto.

Ya ƙera akwati, ya shimfiɗa buhu a ciki, ya rataya ƙwan lantarki, ya jera ƙwayaye. Wuta ta ɗauke, suka yi sanyi, suka zama baragurbi. Sai ya koma fitilar kananzir, ya ja zafinta ta bututun kwano zuwa cikin akwatin. Wannan karon zafi ya yi yawa, saura kaɗan su dahu. Ya sayo ma'aunin zafi a kemis, ya sa kwanon ruwa a ƙasa don kada ɓawo ya bushe, ya koyi juya ƙwai safe da yamma yana yi musu alama da fensir. Duk inda ya hango 'yar kafa a jikin akwatin sai ya toshe ta da gam, ya bi bakin murfin da roba.

Autarsa, wadda ke aure a bayan kasuwa, takan leƙo da rana ta kawo masa abinci.

"Baba, ƙwai a baka fa ya fi kaza a akurki," in ji ta. "Ka bari in soya maka biyu mana."

"Taɓa ki gani," ya ce, bai ko ɗago kai ba.

Kwanakin ƙyanƙyasa suka cika, suka wuce, shiru. Ya fasa ɗaya, sai ga ɗan tsako cikakke, da baki da farce da gashi, a mace. Na biyu ma haka. Kafinta ya zauna a kan benci ya rasa abin da ke masa daɗi. A makon ne kuma aka wayi gari tsohuwar kazar ta miƙe ƙafa a akurki. Abin da ya rage 'yan ƙwayayen da ke cikin kwando, ba su cika tafin hannu biyu ba.

Auta ta tarar da shi yana shirin ƙara wa murfin roba. Ta ɗaga murfin, ta sa fuska, ta ja da baya da sauri.

"Baba, wannan ai ko ni ka sa a ciki sai gawa! Ta ina suke shan iska?"

"Ƙwai ne zai sha iska?"

"Inna ba ta taɓa rufe akurki ruf ba. Cewa take ƙwai ma rai ne."

Ya daɗe yana kallon akwatin. Bai taɓa aikin da ya kai shi kyau ba, kuma kyan nan ne ya shaƙe 'ya'yan kazar. Ya ɗauko abin huda katako, ya yi huji a gefe, ya yi a sama, ya ƙara a ƙasa. Wanda ya ga akwatin ranar zai ce gara ce ta ci shi. Ya jera ƙwayayen ƙarshe, ya ci gaba da juya su yana addu'a.

Wata rana da hantsi yana goge ƙafar kujera a shagonsa na ƙofar gida, Auta na wanke kwanuka a tsakar gida, ya ji wani ɗan siririn kuka daga lungun shagon. Ya yar da abin da ke hannunsa ya ɗaga murfin. Ga ɗan tsako nan a jiƙe sharkaf, yana tangaɗi a kan ɓawonsa, na kusa da shi ma ya huda nasa. Kafinta ya juya wajen ƙofar cikin gida, bakinsa ya riga tunaninsa.

"Ke! Zo ki ga jikokinki!"

Auta ta tsaya da kwano a hannu. Ta san ba ita aka kira ba, don rabonta da jin wannan muryar tun Inna na da rai. Ta goge hannu a zani, ta goge ido, ta ce, "Ga ni nan zuwa."